Ƙaimi Ya Riga Linzami: Wa Ya Kashe Romiyo da Juliyat?

A cikin wasannin kwaikwayon da ake karantawa a makarantun sakandare, da wuya a sami wanda ya kai Romiyo da Juliyat na Wiliyam Shekisfiya jawo gardama. Wasu ɗalibai su ce ba a taɓa yin soyayya irin wannan ba. Wasu kuwa su ce ina soyayya a nan, ai wauta ce kawai ta yara biyu marasa jin magana. Manya galibi ra'ayi na biyu suke bi, da an kai ƙarshen wasan sai su girgiza kai su ce, to kun gani, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ni kuwa da na haɗa abin da ke cikin wasan da abin da masana kimiyya suka gano game da ƙwaƙwalwar matasa, sai na ga hukuncin nan bai cika adalci ba. Lalle yaran sun yi gaggawa, kuma yanzu an san dalilin da ya sa masu irin shekarunsu suke yin ta. Amma sanin dalilin nan ƙara wa manyan birnin Berona nauyin laifi yake yi, domin su ne ya kamata su riƙe linzami, sai suka saki.

Bari mu fara da lissafin kwanaki, don wanda bai karanta wasan ba ya san inda aka dosa. A Berona ta ƙasar Italiya akwai manyan gidaje biyu, gidan Montagu da gidan Kafulet, waɗanda suka daɗe suna gaba da juna. Ran Lahadi da safe Romiyo ɗan Montagu yana ta baƙin cikin wata yarinya, Rosalin, wadda ba ta kula shi. Da dare abokansa suka ja shi zuwa biki a gidan Kafulet, ya ga Juliyat 'yar maigidan, nan take ya manta da Rosalin. Kafin gari ya waye sun yi alkawarin aure. Ran Litinin da rana wani limamin Kirista, Fada Lorens, ya ɗaura musu aure a ɓoye. Ba a jima ba faɗa ya kaure a titi, Tibalt ɗan kawun amarya ya kashe Markushiyo abokin ango, shi kuma ango ya kashe Tibalt. Sarki ya kore shi daga gari, Talata da asuba ya kama hanyar Mantuwa.

A ranar Talatar nan mahaifin Juliyat ya kafe sai ta auri wani basarake mai suna Faris. Ta ruga wurin Fada Lorens, ya ba ta wani magani da zai sa ta kwanta kamar gawa har awa 42, da nufin Romiyo ya zo ya ɗauke ta daga hubbaren gidansu idan ta farka. Wasiƙar da za ta bayyana wa Romiyo wannan dabara ba ta isa ba, saboda an tsare ɗan aiken a wani gida da ake zargin annoba ta shiga. Labarin mutuwa ne kaɗai ya iske shi. Ya sayi guba, ya sukwano Berona, ya kashe Faris a bakin hubbare, ya sha gubar a gefen matarsa. Ita kuma da ta farka ta gan shi, sai ta soke kanta da wuƙarsa. Duk wannan bai cika mako guda ba, amma an rasa rai 6, har da mahaifiyar Romiyo wadda baƙin ciki ya kashe.

Wannan sauri da gangan Shekisfiya ya yi shi. An fara buga wasan a 1597, amma labarin ya girme shi. Ya samo shi ne daga wata doguwar waƙa da wani Bature mai suna Arthur Brooke ya wallafa a 1562. A wurin Brooke al'amarin ya ɗauki watanni, Juliyat kuma tana wajen shekara 16. Shekisfiya ya matse watannin nan suka koma 'yan kwanaki, ya kuma rage shekarun yarinyar, har mai renonta ta lissafa cewa saura mako biyu da 'yan kwanaki ta cika 14. Bai faɗi shekarun Romiyo ba, amma ko'ina a wasan saurayi ake ɗaukarsa. Ashe ke nan marubucin so yake mu kalli ƙuruciya da gaggawa a haɗe. Ya ga abin da idonsa, sai dai bayanin yadda yake faruwa a cikin kai ya jira shekaru wajen 400.

To, me masana suka gano? Yaro ɗan shekara 6 girman ƙwaƙwalwarsa ya riga ya kai kusan kashi 90 cikin 100 na ta babban mutum, shi ya sa da can ake zaton aikin gininta ya ƙare tun da wuri. A 1999 wani likita a Amurka, Jay Giedd, da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon hotunan ƙwaƙwalwar yara da suka yi ta ɗauka da na'urar MRI, suna maimaitawa a kan yaran nan dai yayin da suke girma. Sai aka ga ashe gini bai ƙare ba. A shekarun balaga ƙwaƙwalwa tana rage mahaɗan jijiyoyin da ba a amfani da su, kamar yadda manomi yake rage tsiron gero a rami don sauran su yi ƙwari. Tana kuma lulluɓe jijiyoyin da wani farin kitse, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, don saƙo ya riƙa gudu da sauri. Wannan aiki daga ƙeya yake farawa ya nufo gaba. Sashen da ke bayan goshi yana cikin na ƙarshe da suke nuna, kuma yakan kai mutum shekara ashirin da wani abu kafin ya kammala.

Aikin wannan ƙwaƙwalwar goshi shi ne tsara shiri, da auna abin da zai biyo baya, da tsai da mutum idan zuciya ta ɗebe shi. An fara hango haka tun 1848, sa'ad da wani ma'aikacin hanyar jirgin ƙasa a Amurka, Phineas Gage, ya yi hatsari, sandar ƙarfe ta shiga ta kuncinsa ta fita ta saman kansa. Bai mutu ba, amma likitan da ya duba shi ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa ya koma marar haƙuri, ya ƙulla wannan ya kwance wancan. A can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa kuwa akwai sassan da ke kula da sha'awa da jin daɗi da fushi da tsoro, suna aiki da wani sinadari mai suna dofamin. Waɗannan ba su jira. Da balaga ta zo sai su tashi da ƙarfinsu. Idan muka kwatanta mutum da doki, waɗannan su ne ƙaimi, ƙwaƙwalwar goshi kuwa ita ce linzami. Matashi ingarma ne da aka ɗaura wa mahayinsa ƙaimi, alhali linzamin yana wurin maƙeri ba a gama shi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ana nufin matashi daƙiƙi ne. Wani masani na Jami'ar Temple da ke Filadelfiya, Laurence Steinberg, ya nuna cewa wajen shekara 16 matashi yakan kamo babba a fagen tunani, muddin yana zaune a natse ba wanda ke zuga shi. Inda ake samun bambanci shi ne lokacin da rai ya ɓaci, ko zuciya ta yi zafi, ko abokai suna kallo. A 2005 shi da Margo Gardner suka gwada mutane da wani wasan tuƙin mota a kwamfuta, inda direba zai zaɓi ya tsaya ko ya wuce idan fitilar hanya ta nuna ruwan ɗorawa. 'Yan shekara 13 zuwa 16 da aka sa abokansu a gefe suna kallo, kasadar da suka yi ta kusa ninka wadda suka yi su kaɗai. Manya kuwa ko da 'yan kallo ko babu, tuƙinsu bai sake ba. Daga baya, a 2018, Steinberg da wasu masana suka fitar da binciken da suka yi a kan mutum fiye da 5,000 a ƙasashe 11, har da Kenya da Indiya da ita kanta Italiya. Suka tarar son kasada yana kai ƙololuwarsa wajen shekara 19, kamun kai kuwa yana ci gaba da ƙaruwa har bayan shekara 20. Watau abin bai tsaya ga 'ya'yan Turawa ba.

Yanzu sai mu koma Berona da wannan fitila a hannu. Romiyo bai so zuwa bikin Kafulet ba, har ya ce ransa yana raya masa wani mugun abu, amma abokai suka yi ta yi masa ba'a har ya bi su. Ran Litinin da Tibalt ya zage shi a bainar jama'a, ya haɗiye fushinsa ya ƙi faɗa, domin ya san yanzu sun zama dangi. Nan linzami ya yi aiki. Amma da ya ga abokinsa ya mutu ta dalilinsa, ga mutane suna kallo, ga zafin rana, sai ƙaimi ya rinjaya, bai farga ba sai da Tibalt ya faɗi. A hubbare ma ya lura da cewa leɓen Juliyat da kumatunta ba su dushe ba kamar na gawa. Mai natsuwa da ya tsaya ya tambayi kansa dalili. Shi kuwa ya riga ya yanke shawara tun daga Mantuwa. Ga kuma rashin barci. Daren Lahadi bai runtsa ba, har Fada Lorens ya gane haka da ganinsa da sassafe, daren Litinin kuma yana wurin amaryarsa sai asuba. Likitoci sun ce masu irin shekarunmu suna bukatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma rashinsa yana ƙara raunana kamun kai.

Juliyat ta fi mijinta hankali nesa ba kusa ba. Tun a daren farko ita ce ta ce abin nan ya yi sauri da yawa, ita ce kuma ta ce in da gaske yake to ya yi maganar aure. Kafin ta sha maganin Fada Lorens sai da ta zauna ita kaɗai ta lissafa haɗarinsa ɗaya bayan ɗaya: ko guba ce, ko ba zai yi aiki ba, ko za ta farka cikin gawawwaki kafin Romiyo ya iso. Wannan lissafi ko babba sai haka. Duk da haka ta sha, domin an toshe mata kowace ƙofa, an kuma ce gobe ne ɗaurin aure. Ilimin haɗari tana da shi. Lokaci da mai ba da shawara ne ta rasa.

Na san wani zai ce, wannan ai neman wa yara mafaka ne kawai, gobe duk wanda ya yi ɓarna sai ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ba ta nuna ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma wasan da kansa ya ba da amsa. Benboliyo ɗan'uwan Romiyo sa'ansu ne, amma tun daga farko shi ne mai raba faɗa, shi ne ya ce a koma gida tun rana ba ta sa an yi abin da-na-sani ba. Ashe ƙuruciya ba ta tilasta wa kowa zare takobi. Binciken masana yana magana ne a kan galibin matasa, kowane mutum kuwa da irin halinsa da tarbiyyarsa. Bayani daban, uzuri daban. Ko Kotun Ƙolin Amurka da ta hana yanke hukuncin kisa a kan wanda ya yi laifi kafin ya cika shekara 18, a hukuncinta na 2005, ba ta ce a sallame shi ba. Cewa ta yi nauyin laifinsa bai kai na babba ba. Haka nan gaggawa ba ta matasa ce kaɗai ba. A wasannin Shekisfiya ɗin nan dai, Otelo babban sojan yaƙi ne amma ya kashe matarsa a kan adiko, Sarki Liya kuwa ya haura shekara 80 sa'ad da ya kori 'yarsa mafi ƙaunarsa don ta ƙi yi masa daɗin baki.

Wannan ya kawo mu ga manyan Berona, waɗanda ƙwaƙwalwar goshinsu ta daɗe da nuna. Gabar da ta hana yaran nan fitowa fili, su suka gada suka kuma raya ta, har wasan ya ƙare ba wanda ya faɗi asalinta. A fitowa ta farko tsoho Kafulet yana jin hayaniya sai ya ce a miƙo masa takobi, matarsa ta ce sanda ce ta dace da shi. Shi ne ran Lahadi ya ce wa Faris 'yarsa ba ta isa aure ba, a ƙara shekara biyu, a kuma nemi yardarta. Daren Litinin ya sa ranar Alhamis ba tare da ya tambaye ta ba. Da ta ƙi, ya zage ta tas, ya ce zai kore ta ta je ta yi bara a titi. Da ta yi kamar ta yarda, don murna sai ya jawo bikin ya dawo Laraba, wannan ne kuma ya rage lokacin da za a sanar da Romiyo. Mahaifiyarta ta ce ba ruwanta da ita. Mai renon da ta shayar da ita, wadda ta yi ta kai saƙo tsakanin masoyan, rana ɗaya ta juya ta ce a manta da Romiyo a auri Faris. Yarinya 'yar shekara 13 ta nemi mutum uku a cikin gidansu, kowa ya juya mata baya.

Fada Lorens shi ne ya fi ba ni mamaki. Ya yi wa Romiyo faɗa a kan saurin sauya masoyiya, ya gargaɗe shi a kan gaggawa, sa'an nan a ranar nan ya ɗaura auren, wai don ya sasanta gidajen biyu. Da abu ya rikice, maimakon ya je ya gaya wa iyaye gaskiya, sai ya ɗauko maganin da ke kwantar da mutum kamar gawa. A ƙarshe da ya ji motsin 'yan gadi, ya gudu ya bar Juliyat ita kaɗai da gawar mijinta da wuƙa. Amma akwai wuri ɗaya da ya yi abin da ya dace, kuma a ganina nan ne zuciyar wasan take. Ran Litinin, da Romiyo ya ji an kore shi, ya zaro wuƙa zai kashe kansa a ɗakin Fada. Tsohon ya tsai da shi, ya zaunar da shi, ya lissafa masa abin da ya rage masa: matarsa tana raye, shi ma yana raye, hukuncin kisa ya koma na kora. Romiyo ya huce ya tashi da murna. Yaron nan dai ne, da ƙwaƙwalwar nan dai, ya ji mugun labari a Mantuwa, sai dai a can ba babba ko ɗaya kusa da shi. Baransa ya roƙe shi ya yi haƙuri, bai ji ba. Mai sayar da magani kuwa, babban mutum da ya san doka ta hana, talauci ya sa ya karɓi zinariya 40 ya miƙa masa guba. Bambancin rai da mutuwa a nan shi ne samun babba mai cewa dakata.

Tun kafin Shekisfiya da kusan shekara 2,000, wani marubucin Girka mai suna Sofokilis ya nuna irin wannan a wasansa Antigoni. Saurayi Haimon ya zo wurin mahaifinsa Sarki Kiriyon da ladabi da hujja, yana roƙon a yafe wa yarinyar da zai aura. Uban ya ce shi yaro ba zai koya masa hankali ba. Da yarinyar ta mutu, Haimon ya kai wa uban sara bai same shi ba, ya juya takobin a kansa. Wanda ya fara da magana mai sanyi, rashin mai sauraro ya kai shi ga ƙarfe.

Saboda haka ina da magana biyu. Ta farko gare mu ce, 'yan'uwana ɗalibai. Tun da mun san linzaminmu bai gama ƙeruwa ba, kada mu yanke babbar shawara cikin fushi, ko cikin tsakar dare, ko a gaban abokai masu zuga. Sauri ya haifi nawa. Abin da ya zama kamar ƙarshen duniya yau, faɗuwa jarrabawa ne ko wasiƙar da ta zo da mugun labari daga gida, a kwana da shi tukuna, a kuma gaya wa wani babba da aka amince da shi. Wanda ya ji ransa ya yi baƙi har yana tunanin cutar da kansa, kada ya yi shiru, wanda kuma abokinsa ya gaya wa irin wannan, kada ya riƙe shi a matsayin asiri. Fada Lorens ya iso hubbare rabin awa kacal bayan shigar Romiyo, Juliyat kuma ta farka a lokacin. Da ya jira wannan rabin awa, da labari ya sha bamban.

Ta biyu kuwa, da ladabi nake miƙa ta ga iyayenmu da malamanmu. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne, kimiyya ma ta goyi bayan karin maganar. Amma wanda ya hango rami shi ke da alhakin riƙe hannun wanda bai gani ba. Tsawa da barazanar kora ƙaimi suke ƙara wa doki. Yaron da ya san za a saurare shi kafin a yanke masa hukunci, shi ne zai kawo damuwarsa gida ko ofishin malami, wanda kuwa ya san zagi zai sha, sai ya kai ta wurin sa'ansa, makaho ya ja makaho. Musamman a sha'anin aure, labarin Juliyat ya isa gargaɗi ga duk uban da zai sa wa 'yarsa rana bai ji ta bakinta ba.

A ƙarshen wasan Montagu da Kafulet sun yi musafaha, kowa ya yi alkawarin ƙera gunkin zinariya na ɗan ɗayan. Sarki ma ya yarda cewa sakacinsa ya sa shi kansa ya rasa 'yan'uwa biyu. Sulhun da aka yi a bakin kabari, ran Lahadi da safe ma ana iya yin sa, ba a kashe ko anini ba. Ƙuruciya takan wuce da kanta, in an taimaki mai ita ya kai lokacin.